RAUNIN DA BA YA ZUBAR DA JINI: YADDA LIKITOCI KE AUNA CIWON FIRGITA A TSOFAFFIN SOJOJIN AMURKA

Gabatarwa

Idan soja ya dawo daga fagen fama da gutsurarren hannu, ko da harsashi a cinya, babu mai yi masa gardama a kan naƙasarsa. Likita zai ɗauki hoton ƙashi, ya auna abin da ya salwanta, ya rubuta, hukuma kuma ta biya shi diyya. To, amma akwai wani sojan da kan dawo da gaɓoɓinsa cif, babu ko ƙwarzane a jikinsa, alhali kuwa barci ya ƙaurace masa, ƙarar rufe ƙofa tana sa shi ya kwanta rub da ciki, iyalinsa suna tsoron fushinsa, kuma duk aikin da ya kama ba ya daɗewa a cikinsa. Wannan shi ma rauni ya samu, sai dai rauninsa ba ya zubar da jini.

Likitoci suna kiran wannan hali ciwon firgita bayan masifa, a takardunsu kuma suna taƙaita sunan da haruffan PTSD. A ƙasar Amurka doka ta amince a biya tsohon soja diyyar wata-wata idan aikin soja ne ya jawo masa ciwon. Kafin a biya shi kuwa, sai ya gurfana gaban ƙwararre an bincike shi. A nan ne matsalar kimiyya ta taso: yaya za a auna abin da ido ba ya gani, ma'aunin zafi ba ya nunawa, gwajin jini kuma ba ya kamawa? Wannan darasi zai bayyana yadda ake yin awon, da dalilin kowane mataki, da kuma wuraren da kuskure kan shiga.

Taƙaitaccen Tarihi

Ciwon ya girmi sunansa nesa ba kusa ba. Bayan yaƙin basasar Amurka, wani likita mai suna Jacob Da Costa ya wallafa bayani a shekarar 1871 game da sojojin da ke fama da bugun zuciya da sarƙewar numfashi, ya ɗora laifin a kan zuciyar da ke cikin ƙirji. A Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma, Charles Myers na Ingila ya yi rubutu a 1915 a kan sojojin da suka kurumce, ko suka makance, ko suke karkarwa ba tare da wani rauni ba. A farko an zaci girgizar fashewar harsasan igwa ce ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, har sai da aka ga ciwon a jikin waɗanda ba su taɓa kusantar fashewar ba.

Da yake babu ma'auni, hafsoshi da dama sun ɗauki abin ragwantaka ce kawai. A shekarar 2006 gwamnatin Birtaniya ta yi afuwa ga sojoji 306 da aka harbe a wancan yaƙi bisa laifuffuka irin su gudu daga bakin daga da tsoro, waɗanda ake kyautata zaton wasunsu marasa lafiya ne. A watan Agusta na 1943 ma, Janar George Patton na Amurka ya mari sojoji biyu a asibitocin sansani a tsibirin Sisili, yana zarginsu da tsoro, daga baya aka umarce shi ya nemi gafara.

Yaƙin Biyetnam ne ya sauya al'amarin. Sojojin da suka dawo, tare da wasu likitoci, suka matsa lamba har Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da ciwon cikin kundinta na cututtuka, wanda ake kira DSM, a bugu na uku na shekarar 1980. Tun daga lokacin ciwon ya sami suna da rubutattun sharuɗɗa. Kundin ya ci gaba da sabuntuwa, bugu na biyar ya fito a 2013, kuma Ma'aikatar Harkokin Tsofaffin Sojoji ta Amurka ta koma aiki da shi a 2014.

Abin da ke Faruwa a Ƙwaƙwalwa

Hausawa kan ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Wannan karin magana ya kusa bayyana ciwon baki ɗaya. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe mai suna amigdala, wanda aikinsa kamar na mai gadi ne. Da zarar ya hango haɗari sai ya yi ƙararrawa, jiki ya saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara bugu, tsoka ta ɗaure, mutum ya shirya faɗa ko gudu. Kusa da shi akwai hifokamfus, wanda ke taimakawa wajen adana abin da ya faru tare da wurinsa da lokacinsa. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa kuwa, wanda ke bayan goshi, shi ke tsawata wa mai gadi idan haɗari ya wuce.

Ga yawancin mutane, firgitar da ke biyo bayan masifa takan lafa cikin 'yan makonni. Ga mai ciwon kuwa, mai gadi ya ƙi kwanciya, mai tsawatawa kuma ya yi rauni. Saboda haka warin man gas, ko tarin shara a gefen titi, ya isa ya mayar da mutum ranar da bom ya tashi, kamar yanzu abin ke faruwa.

Mai karatu zai ce, to me ya hana a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa a huta? Dalili shi ne bambancin da hotuna ke nunawa na matsakaicin jama'a ne, ba ya isa a yanke hukunci a kan mutum guda. Har wa yau, wani bincike da Mark Gilbertson da abokan aikinsa suka wallafa a 2002 a kan tagwaye masu kama ɗaya ya gano cewa sojojin Biyetnam masu tsananin ciwon suna da ƙaramin hifokamfus, amma 'yan'uwansu tagwaye da ba su je yaƙin ba su ma nasu ƙarami ne. Ashe ke nan ƙanƙantar tana iya riga ciwon zuwa. Don haka babban kayan aikin mai bincike shi ne tambaya, amma tambaya mai tsari.

Tambayoyi Uku

Domin sauƙin fahimta, bari mu ƙaddara wani mutum, misali ne kawai ba wani sananne ba. Direban babbar mota ne a rundunar Amurka a Iraƙi. Wata rana bom ɗin gefen hanya ya tashi da motar da ke gabansa, abokinsa ya mutu yana kallo. Bayan shekaru da barin soja, sai ya cike takardar neman diyya. Ma'aikata za ta tara fayil ɗinsa, sannan ta tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan'adam mai digirin digirgir, na ma'aikatar ko wanda ta ɗauka kwangila. Ya kamata a lura cewa wannan zama ba na magani ba ne. Mai binciken ba zai rubuta masa ƙwaya ba, kuma ba shi zai yanke kuɗi ba. Aikinsa shi ne ya amsa tambayoyi uku: Shin ciwon yana nan? Shin aikin soja ne sanadinsa? Yaya girman ɓarnar da ya yi wa rayuwar mutumin?

Tambaya ta Farko: Shin Ciwon Yana Nan?

Sharaɗin farko shi ne masifar kanta. Dole ne mutum ya fuskanci mutuwa, ko barazanarta, ko mummunan rauni, ko fyaɗe. Fuskantar tana iya zama abin ya same shi, ko ya gani da idonsa, ko ya sami labarin ya afka wa makusancinsa ta hanyar tashin hankali ko haɗari, ko kuma aikinsa ya riƙa haɗa shi da munanan abubuwa, kamar masu kwashe gawawwaki. Bayan wannan sai alamomi ashirin, waɗanda aka kasa gida huɗu.

Rukuni na farko, mai alamomi 5, shi ne dawowar abin da ya faru ba da son mutum ba: tunani mai kutse, mugun mafarki, ganin kamar abin na sake faruwa, da tashin hankali ko bugun zuciya da gumi idan wani abu ya tuna masa. Ana bukatar aƙalla guda 1.

Rukuni na biyu, mai alamomi 2, shi ne gujewa: guje wa tunanin abin, da guje wa mutane ko wuraren da ke tuna shi. Direbanmu, alal misali, zai iya daina tuƙi a babbar hanya. Nan ma ana bukatar guda 1.

Rukuni na uku, mai alamomi 7, shi ne sauyin tunani da hali: manta wani muhimmin ɓangare na abin da ya faru, munana zato ga kai ko ga duniya, ɗora wa kai ko wani laifi ba bisa haƙƙi ba, dawwama cikin tsoro ko kunya ko fushi, rashin sha'awar abubuwan da, jin an ware daga mutane, da kasa jin farin ciki. Ana bukatar guda 2.

Rukuni na huɗu, mai alamomi 6, shi ne zama cikin shiri kullum: saurin fushi, ganganci, yawan waiwaye, zabura, kasa tara hankali, da rashin barci. Ana bukatar guda 2.

Bugu da ƙari, dole ne alamomin su wuce wata guda, su kuma jawo damuwa mai tsanani ko cikas ga aiki da zaman tare, kada kuma ya zama ƙwaya ko giya ko wata cuta ce ta haifar da su. Wani lokaci alamomin ba sa cika sai bayan wata shida ko fiye, kundin kuma ya amince da wannan jinkiri.

Ga wani lissafi da malaman lissafi za su iya yi da ɗalibansu. Hanyoyin cika rukuni na farko 31 ne, na biyu 3, na uku 120, na huɗu 57. Idan aka ninka su za a sami 636,120, kamar yadda Isaac Galatzer-Levy da Richard Bryant suka nuna a 2013. Ma'ana, mutum biyu suna iya ɗauke da ciwo mai suna ɗaya alhali kamanninsa a jikinsu sun sha bamban. Likitan da ya dogara da kallon fuska kawai zai yi kuskure.

Saboda haka aka ƙirƙiro ma'aunai. Ɗaya shi ne PCL-5, takarda mai tambayoyi 20 da mutum ke cikewa da kansa, yana ba kowace alama maki daga 0 zuwa 4. Jimla mafi girma 80 ce, kuma maki 31 zuwa 33 shi ne iyakar da ke nuna akwai yiwuwar ciwon. Wannan rariya ce kawai, ba hukunci ba. Wanda aka fi amincewa da shi shi ne CAPS-5, hira mai tambayoyi 30 da Cibiyar Ƙasa ta Nazarin Ciwon Firgita ta tsara, wadda kan ci minti 45 zuwa 60. A nan mai binciken ne ke ba da maki. Idan direbanmu ya ce yana mugun mafarki, ba a tsaya nan ba. Za a tambaye shi sau nawa a watan da ya wuce, me yake gani, yana farkawa ko ba ya farkawa, kuma minti nawa yake ɗauka kafin barci ya sake ɗaukarsa. Alama ba ta shiga lissafi sai ta sami maki 2 ko fiye. Amfanin wannan tsari shi ne likita biyu da suka binciki mutum ɗaya su kusanci amsa ɗaya, kamar yadda mudu na gaskiya ke ba kowane mai awo sakamako ɗaya.

Akwai kuma aikin rarrabewa. Ciwon baƙin ciki, da shaye-shaye, da buguwar ƙwaƙwalwa sakamakon fashewar bom, wadda ta yawaita a yaƙe-yaƙen Iraƙi da Afganistan, duk suna kawo rashin barci da mantuwa da fushi. Fom ɗin da mai binciken ke cikewa yana tambayarsa ko zai iya raba alamomin kowace cuta. Doka ba ta yarda a biya alama ɗaya sau biyu ba, amma idan rabawar ta gagara, sai a jingina alamomin ga ciwon da ke da alaƙa da aikin soja.

Tambaya ta Biyu: Shin Aikin Soja ne Sanadi?

Samun ciwon kaɗai bai wadatar ba, domin haɗarin mota bayan barin soja, ko azabar da aka sha a ƙuruciya, duk suna iya jawo shi. Don haka mai binciken zai bi tarihin mutum kashi uku: kafin soja, cikin soja, da bayan soja. Zai duba takardun makaranta da na aiki da na asibiti, da bayanan matar mutum ko abokan aikinsa, ya ga lokacin da hali ya fara sauyawa.

Ƙa'idar ma'aikatar ta nemi abubuwa uku: tabbacin ciwon daga likita, hujjar likitanci mai haɗa alamomin da masifar da ta faru a bakin aiki, da kuma shaida abin amincewa cewa masifar ta faru. Wannan na ukun shi ya fi wahalar da mutane. Takardun soja ba sa rubuta komai, wasu ma sun salwanta. A ranar 12 ga Yuli 1973 gobara ta tashi a ma'ajiyar takardun sojoji ta ƙasa da ke yankin Sant Luwis a jihar Misuri, ta cinye fayil miliyan 16 zuwa 18, ciki har da kusan kashi 80 cikin 100 na sojojin ƙasa da aka sallama tsakanin 1912 da 1960.

Doka ta daɗe da sassauta wa wanda aka tabbatar ya yi artabu da abokan gaba, ana karɓar maganarsa idan ta dace da yanayin aikinsa. To, amma direba da makaniki da mai jinya fa? A yaƙin da babu takamaiman bakin daga, bom ba ya tambayar muƙamin mutum. Saboda haka a ranar 13 ga Yuli 2010 aka sauya ƙa'ida. Idan masifar ta shafi tsoron harin abokan gaba ko 'yan ta'adda, ta kuma dace da wuri da yanayin aikin mutum, sannan likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayya na ma'aikatar ya tabbatar ta isa ta jawo ciwon, to maganar sojan ta wadatar, matuƙar babu ƙwaƙƙwarar hujjar da ta ƙaryata shi. Direbanmu ya amfana da wannan sauyi.

Haka nan sojojin da aka yi wa fyaɗe ko cin zarafi a cikin soja, mata da maza, yawancinsu ba sa kai ƙara a lokacin. Ga irinsu ana neman sawu maimakon rahoto: neman canjin wurin aiki ba zato, lalacewar ƙwazo, fara shaye-shaye, ko zuwa asibiti neman gwajin ciki ko na cututtukan saduwa.

Abin lura kuma shi ne ba a bukatar yaƙini daga mai binciken. Ana tambayarsa ne ko yiwuwar cewa aikin soja ne sanadi ta kai kashi 50 cikin 100 ko fiye. Idan hujjojin ɓangarorin biyu suka yi kunnen doki, doka ta ce a ba tsohon soja gaskiya. Amma dole mai binciken ya rubuta dalilinsa, domin ra'ayin da babu dalili a bayansa ba shi da nauyi a gaban masu hukunci.

Tambaya ta Uku: Yaya Girman Naƙasar?

Diyya ba ta bin munin abin da mutum ya gani, tana bin ɓarnar da ciwon ya yi wa aikinsa da zamansa da mutane. Jadawalin da aka kafa a 1996 domin cututtukan ƙwaƙwalwa yana da matakai shida:

Kashi 0: an tabbatar da ciwon, amma bai hana aiki ko hulɗa ba, kuma ba ya bukatar shan magani kullum.

Kashi 10: alamomi marasa tsanani, masu rage ƙwazo a lokacin matsi kawai, ko waɗanda magani ya danne.

Kashi 30: mutum yana tafiyar da rayuwarsa, amma jefi-jefi ƙwazonsa kan ragu ko ya kasa aiki.

Kashi 50: ba a iya dogara da shi a wurin aiki kamar da, abin da yake samarwa ya ragu, hulɗa ta yi masa wuya.

Kashi 70: gazawa a yawancin fannoni, wato aiki da karatu da iyali da tunani da hali, wani lokaci har da tunanin kashe kai.

Kashi 100: cikakkiyar gazawa a aiki da zaman tare.

Domin a ga abin da ke rataye a kan wannan awo, a shekarar 2024 tsohon soja marar iyali yana karɓar kimanin dala 171 a wata a kashi 10, dala 1,075 a kashi 50, dala 1,716 a kashi 70, da dala 3,738 a kashi 100, kuma ba a cire haraji. Tazarar mataki ɗaya tana iya zama tazarar da ke tsakanin biyan kuɗin haya da kwana a titi.

Shi ya sa mai binciken kan shiga ƙananan bayanai: wurin aiki nawa mutum ya bari kuma me ya sa, yaushe rabon da ya ci abinci tare da 'ya'yansa, yana shiga kanti idan da cunkoso ko sai tsakar dare. Daga nan rahoton ya tafi wurin jami'in ma'aikata, wanda ba likita ba ne, shi zai haɗa shi da sauran hujjoji ya yanke kason. Wanda bai gamsu ba, tsarin da ya fara aiki a Fabrairun 2019 ya ba shi hanya uku: babban jami'i ya sake dubawa, ko ya kawo sabuwar hujja, ko ya tafi hukumar ɗaukaka ƙara. Bayanta kuma akwai kotu ta musamman da aka kafa a 1988.

Kuskure Iri Biyu

Kowane awo a kimiyya yana iya kuskure ta fuska biyu: ya ce akwai alhali babu, ko ya ce babu alhali akwai. Wanda ya matse ƙofa don hana na farko zai ƙara na biyu.

Kuskure na farko ya tayar da ƙura a 2005, lokacin da babban mai binciken ma'aikatar ya ba da rahoton cewa masu karɓar diyyar ciwon sun ƙaru daga 120,265 a 1999 zuwa 215,871 a 2004, kuɗin kuma ya tashi daga dala biliyan 1.7 zuwa 4.3. A wannan shekarar Christopher Frueh da abokansa suka duba takardun mutum 100 da ke neman magani a matsayin sojojin Biyetnam, suka ga kashi 41 ne kawai takardunsu suka nuna sun shiga artabu. Ma'aikatar ta yi shirin sake duba fayil kusan 72,000, amma ta janye kafin shekarar ta ƙare.

Sai dai akwai ɗaya gefen. Babban binciken ƙasa da aka kammala a 1988 ya nuna kashi 15.2 cikin 100 na mazan da suka yi aiki a fagen yaƙin Biyetnam suna fama da ciwon a lokacin, kashi 30.9 kuma sun taɓa yi. A 2006 Bruce Dohrenwend da abokansa suka sake tace bayanan da tsauraran sharuɗɗa, alƙaluman suka sauko zuwa 9.1 da 18.7. Amma da suka gwada labaran sojojin da takardun soja, ba su sami wata hujja mai yawa ta ƙarya ba, kuma suka ga ciwon yana ƙaruwa gwargwadon tsananin yaƙin da mutum ya gani. Darasi biyu ke nan: sauya sharaɗin awo yana sauya sakamako, kuma rashin takarda ba ya nufin rashin masifa.

Domin kama zuƙi, masu bincike kan yi amfani da gwaje-gwaje irin su MMPI-2, mai tambayoyi 567, wanda aka cusa wa tambayoyi kan alamomin da ko masu tsananin ciwo ba safai suke da su ba. Wanda ya amsa e ga kusan duka ya jawo shakka. Duk da haka maki mai yawa ba ya tabbatar da ƙarya, domin wanda ya gaji da wahala kan kambama kukansa don a saurare shi.

Kuskure na biyu ya fi ɓuya. Gujewa alama ce ta ciwon, don haka mai tsananin ciwo shi ne ya fi ƙin ba da labari. An horar da soja kada ya nuna rauni, ga kunya, ga baƙon likita da bai taɓa gani ba. Sai a tambaye shi yaya yake, ya ce lafiya lau. Idan mai binciken ya yi gaggawa, a rubuta masa kashi 10 alhali na 70 ne. Wannan ne ya sa bayanin matar da ke kwana ɗaki ɗaya da shi yake da daraja, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kammalawa

Mun ga cewa raunin da ba ya zubar da jini ana iya auna shi, idan aka rubuta sharuɗɗa, aka yi tambaya bisa tsari, aka gwada magana da takarda, aka kuma yarda cewa awo yana iya kuskure ta kowane gefe. Mun kuma ga cewa inda kimiyya ta tsaya da shakka, doka ce ke zaɓar wanda zai ɗauki asarar shakkar, Amurka kuwa ta zaɓi hukuma ta ɗauka.

Diyya dai ba magani ba ce. Ciwon yana jin magani, musamman hanyoyin hira da ƙwararre waɗanda ke sa mutum ya fuskanci abin da yake gudu sannu a hankali, ko ya gyara tunanin da ya ɗaure shi, ga kuma ƙwayoyi irin su satralin da faroksetin. Tsarin diyyar da muka bayyana na Amurka ne, amma ciwon ba ya da ƙasa. Muna da 'yan mazan jiya da suka je Bama, da waɗanda suka yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da na Laberiya da Saliyo, da na Arewa maso Gabas tun 2009, ga fararen hula da rikici ya raba da gidajensu. Ɗalibin da ya fahimci wannan darasi ba zai kira irinsu matsorata ko mahaukata ba. Zai ce a kai su asibiti, wataƙila ma wata rana shi ne likitan da zai zauna ya yi musu tambayoyin.

Tambayoyi don Ɗalibai

1. Kawo rukunoni huɗu na alamomin ciwon firgita, da mafi ƙarancin adadin alamomin da ake bukata gaba ɗaya.

2. Me binciken tagwaye na 2002 ya koya mana game da bambancin sanadi da sakamako?

3. Nuna yadda aka sami 31 da 3 da 120 da 57, sannan ka ninka su.

4. Me ya sa aka sauya ƙa'idar shaida a 2010?

5. A ganinka, wane kuskure ya fi muni: a biya wanda bai cancanta ba, ko a hana wanda ya cancanta? Kawo dalilanka.